Ƙanƙarar Ɗan Fari

'Ya'ya biyu Allah ya ba Hansatu. Ruwa ya ci ɗaya, saura ƙiris kuma ya ci na biyun, da hannun uwar a ciki ba tare da ta sani ba. Ku matso ku ji yadda aka yi.

A wani ƙauyen masunta take aure a ƙasar Ngaski, inda in ka tsaya a ƙofar gida kana hango tafkin Kainji shimfiɗe har iyakar gani. Mijinta Haliru masunci ne ɗan masunci. Ya taɓa yin ƙoƙari ya sayo wata tsohuwar firiza da faifan sola, don kifinsa ya daina lalacewa kafin ranar kasuwa. Don kifi aka saya, amma ba a jima ba Hansatu ta ci gefe guda da wani bokitinta mai murfi.

Dalilin bokitin nan kuwa ɗanta na fari ne, Mamman. Wata rana ya dawo daga kasuwa harshensa kore shar, ya sha ƙanƙarar nan mai kala da ake ɗaura wa yara a leda. Kwana ya yi yana zarya bayan gida. Hansatu ba ta ce masa sannu ba, ba ta ko kalli inda yake kwance ba. Amma da gari ya waye ta dafa ruwa ta ajiye ya huce, ta fere nunannun mangwaro ta murje a rariya, ta jiƙa dabino ta daka maimakon sukari, ta ɗiga ruwan tsamiya kaɗan don kada zaƙin ya gundure. Ta ɗura a 'yan ledoji da mazurari, ta ƙulle bakin kowace. In mangwaro ya wuce ta koma gwanda ko kankana, in babu ko ɗaya ta dama garin 'ya'yan kuka. Ba kala, ba sakarin, ba ruwan da ba a dafa ba. Kafin a ce me, da an yi la'asar yaran unguwa sun cika mata tsakar gida.

Kada ku ce Hansatu ba ta son yaron nan. Kai, so kam ai ba a magana! Ɗan fari ne kawai, ita kuma 'yar gidan kunya ce irin ta da. Tun da ta haife shi sunansa bai taɓa fitowa daga bakinta ba. “Wancan” take ce masa, ko “yaron nan”. Ba ta yi masa wasa a gaban mutane, ba ta miƙa masa abu hannu da hannu. Ƙanwarsa Yasira ita ke hawa cinya, ita ake tambaya ko ta ƙoshi.

To ina soyayyar za ta bi ta fita? Sai ta bi ta ƙanƙara. Kullum akwai guda ɗaya da ta fi saura girma da kauri, mai ƙulli biyu. Ba ta shiga bokiti. Can kusurwar firiza Hansatu ke tura ta, ƙarƙashin kifi. Ba ta taɓa ce masa ga taka can ba, shi ma bai taɓa tambaya ba. Sai dai ya ɗauka ya zauna bakin zaure yana tsotsa, ya ɗaga murya yadda za ta ji, “Wagga ƙanƙara ƙarnin karfasa take!” Ita kuma ta ce wa iska, “Wanda bai so shi aje.” Hirarsu ke nan, shekara da shekaru.

A farkon daminar bara aka aike shi tsallake cikin kwalekwalen wani maƙwabci. Hadari ya taso musu a tsakiyar ruwa. An samu kwalekwalen, an samu maƙwabcin da ransa, Mamman kuwa masu nutso sun neme shi har suka gaji. Mata suka cika gida ana koke-koke, Hansatu na zaune idonta ƙamas. Har yaba mata aka riƙa yi, wai ga mace mai kunya da tawakkali. Yabon banza! Ciki ne kawai ke cin ta, ba wanda ya leƙa.

Da bazara ta zagayo mangwaro ya nuna, yara suka dawo suna leƙen gida. Hansatu ta dafa ruwa, ta murje, ta ɗura. Sai da ta gama ta ga hannunta ya riga ya ƙulla babbar, ƙulli biyu. Ta daɗe tana kallon ta. Zubarwa ta gagara, bayarwa ta gagara, sai ta tura ta kusurwa ƙarƙashin kifi.

Washegari ta ɗaga kifin, wayam.

Ta zazzage firizar kaf, babu. Haliru ba ya shan zaƙi, surukarta Iya Kande haƙoranta ba sa ɗaukar sanyi, Yasira kuwa ko murfin ba ta kai ba. Ga kuma ƙasa a gindin firizar da laima, kamar mai jiƙaƙƙiyar ƙafa ya tsaya a wurin. Ta san abin da malamai ke faɗi, wanda ya tafi ya tafi. Ta yi istigfari. Amma ta sake ƙulla wata, kuma washegari ita ma babu.

Daga nan Hansatu ta samu abin da take tashi dominsa. Ba ta gaya wa kowa ba. Mangwaron da ya fi kowane kyau shi take ware wa ta kusurwa. Da yara sun watse bayan la'asar sai ta shige ɗaki ta ja labule, don kada ta tsorata mai zuwa. Wani lokaci tana jin ƙarar murfin, ƙiiit, sai tsigar jikinta ta tashi, ga tsoro ga daɗi. Ta yi ƙiba har ta fara dariya. Abin da ba ta gani ba shi ne 'yar da ke gabanta.

Iya Kande ce ta fara magana. “Hansatu, wagga ɗiya taki mi take nema bakin ruwa? Kullum da jiƙaƙƙen zane take shigowa.”

“Wasa ne, Iya. Yara ne.”

“Wasa? Satin da ya wuce iya gwiwa na gani. Jiya har ƙugu. Ga tari ta fara.” Tsohuwar ta nuna tafki da sandarta. “Ni an haife ni ƙarƙashin wancan ruwa, kafin a datse kogi a tashe mu. Na san abin da ke ciki. Nan gaba kaɗan gangaren tsohon kogi yake, kuma yanzu ruwa na janyewa, kullum ramin ƙara matsowa yake bakin gaɓa. Ki tsare ɗiyarki.”

Hansatu ta kira Yasira ta yi mata faɗa, har da ja mata kunne. Yarinyar ta sunkuyar da kai. Uwar kuwa hankalinta na kan mangwaron da ta bari a rariya, ta sallame ta ta koma aikinta. Wallahi wani lokaci mai baƙin ciki ya fi makaho makanta.

Abin da ya ceci gidan nan kwaɗayi ne. Jin ƙarar murfi ya daina isar Hansatu, ido take so ta sa a kansa, ko sau ɗaya, ko a wace kama ya zo. Ran nan da yara suka watse ba ta shiga ɗaki ba. Ta laɓe bayan tarin kalli, ragar kamun kifin da Haliru ya rataye a rumfar firizar, tana leƙe ta ƙofofin ragar, tana addu'a a ranta.

Gida ya yi tsit, rana ta yi sanyi. Sai ta ji ana jan wani abu a ƙasa. Yasira ce, tana turo turmi da ƙyar. Ta kifa shi gindin firiza, ta hau, ta tura murfin da kanta, ta zura rabin jikinta ciki har ƙafafunta suka bar turmin. Ta fito da mai ƙulli biyu. Ta sauka, ta mayar da turmin inda yake, ta fice.

Hansatu ta ji kamar yau aka zo mata da labarin kwalekwalen. Ashe ba shi ba ne. Ashe bai taɓa zuwa ba. Baƙin ciki ya juye ya zama fushi, ta miƙe ta bi bayan ɓarauniyar, tana cewa yau sai jikinta ya gaya mata.

Amma yarinyar ba ta kai ledar baki ba. Hannu biyu ta riƙe ta a ƙirji, ta bi ta bayan rumfunan banda, ta wuce inda mata ke wanki, ta nufi wani lungu da ba kowa. Ko tsayawa ba ta yi ba a bakin gaɓa. Ta shiga. Ruwa ya kai gwiwa, ya kai ƙugu, ya kai ƙirji. Ta ɗaga ledar sama tana kira da 'yar muryarta, “Yaya! Yaya, ga taka!” Ta ƙara taku.

Hansatu ba ta san lokacin da ta faɗa ruwan ba. Ta cafko wuyan rigar daidai lokacin da haɓar yarinyar ta taɓa ruwa. Ƙafarta ta gaba ta nemi ƙasa ta rasa, wani sanyi ya taso daga ƙasa ya lashe mata ƙauri. Da baya da baya ta ja su, har suka zube a kan yashi.

“Mi kike yi? Yasira, mi kike yi haka?”

Yarinyar na tari, amma ba ta saki ledar ba. “Inna, wallahi ban taɓa sha ba. Tashi ce. Na ga kina aje mishi, shi kuma bai iya zuwa gida. In na saki daga nesa ruwa na maido ta, shi ya sa nike matsawa.” Ta share hanci. “Jiya saura kaɗan shi karɓa. Na ji shi a ƙafata.”

Hansatu ta dubi ruwan. Kwance yake lumui, ba ko kwalekwale ɗaya a kansa. Ta tashi tsaye, zaninta na ɗiga. Abin da ya shekara goma sha ɗaya a maƙale a maƙogwaronta ya taso, ba kunyar da ta iya tare shi.

“Mamman!”

Muryar ta bi bayan ruwa ta tafi. Yasira ta zaro ido, don ba ta taɓa jin sunan nan a bakin uwarta ba.

“Mamman, ɗana! Ina son ka, ka ji? Tun ranar da na haife ka nike son ka. Amma ba ni ƙara aje maka. Ka yi haƙuri, ka kwanta inda Allah ya kwantar da kai. Wagga ka bar mini ita.”

Sai kukan ya zo, na bara da na bana gaba ɗaya, tana yi tana ƙanƙame da yarinyar. Da ta samu numfashi ta karɓi ledar. Ta riga ta fara narkewa. Ta kwance ƙullin farko da haƙori, ta kwance na biyu, ta miƙa wa Yasira hannu da hannu.

“Sha. Ya ce ya bar miki.”

“Yaushe ya ce?”

“Yanzu.”

Yarinyar ta dubi ruwa, ta dubi uwarta, sannan ta kai baki a hankali. Ta tsotsa, ta yatsine fuska.

“Inna,” ta ce, “ƙarnin karfasa take.”

Hansatu ta goya ta a kan jiƙaƙƙen zanin, kamar jaririya, ta juya wa tafkin baya.

“Wanda bai so shi aje,” ta ce, suka kama hanyar gida.