Malmala Biyu, Har da Nama

A yi mini afuwa, ban taɓa rubuta labari ba.

Tun safe Hamdiyya, ɗaliba daga Dutsin-Ma, take bin gidajen garin Ɗantutture tana tambayar mata abin da suka ci jiya, don wani bincike. A gajiye ta iso wurin Inna Kyauta, tsohuwa duk ta rame.

"Inna, malmala nawa kika ci?"

"'Yar nan, kwanonmu ɗaya da jikoki. Wa ke ƙirga loma?" Sai ta hango ɗanta yana gyaran fartanya, ta ɗaga murya. "Rubuta biyu, har da nama."

Idan Hamdiyya ta rubuta, za a ce tsofaffin garin a ƙoshe suke. Idan ta musa, ta kunyata ɗan a gidansa. Ta rubuta biyu, ta sulale kafin kowa ya lura.