Motar Malam Ta Daina Zafi

Motar Malam ta girmi 'yarsa ta fari, kuma ta fi ta taurin kai. Fara ce, mai zagayayyun fitilu, irin wadda mutane ke tsayawa su ɗauki hoto da ita. Aibinta guda ɗaya ne: da ta shiga cunkoso sai allurar zafi ta miƙe, tururi ya fara fita ta gefen bonet.

Duk ranar Asabar Malam yakan je sayayya, ya biyo ta hanyar bayan tasha. Akwai wani hawa a hanyar, daidai wurin motar take tafasa, kuma daidai nan gidan yayansa yake, tsohon bakanike da ya ajiye sifana. Shekara shida ke nan ba sa shiga gidan juna, tun ranar da ake shawarar jinyar mahaifiyarsu Malam ya ce masa a gaban dangi, "Kai da ba ka yi karatu ba, me ka sani?" Ya yi nadama tun kafin ya rufe baki, amma girman kan tsohon malamin makaranta ba abin wasa ba ne. Yanzu abin da ya rage musu shi ne wannan tsayuwar dole. Yaya yakan fito da bokitin ruwa, su gaisa a tsaye, su jira lagireto ya huce ba mai ce wa kowa uffan. Minti ashirin ne, kuma Malam ya fi son su a kan duk sauran makon.

Sai surukinsa, mijin 'yar tasa, ya shigo cikin zancen. Mai gyaran wayar mota ne, ga ladabi, ga naci.

"Baba, ba tsufa ke damunta ba," ya ce, yana durƙushe a gaban motar cikin garejinsa. "Tsohon famfon ruwan ne, wanda fambel, wato bel ɗin inji, yake juyawa. In kuna tsaye a cunkoso injin na tafiya a hankali, ruwan ma sai ya yi kasala. Na lantarki zan sa muku, shi ba ruwansa da gudun inji."

"Ai mun saba da juna a haka," in ji Malam.

"Baba, wata rana za ta ƙona muku gasket ɗin kan inji a tsakiyar titi."

Ta ina mutum zai gaya wa surukinsa cewa lalurar ce yake so? Malam ya zauna a kan benci yana kallo, ransa babu daɗi. Surukin ya zubar da ruwan lagireto a roba, ya yanke tiyon ƙasa, ya saka wani ɗan baƙin famfo da bai wuce dunƙulen hannu biyu ba, ya ɗaure bakin da kilif. Ya ja waya zuwa batir, ya sa fis, ya laƙaba na'urar jin zafi a jikin tiyon sama. Da ya cika ruwa sai ya riƙa matsa tiyon har kumfa ta daina tasowa. Yana ta bayani, Malam na cewa "to, to," kansa na wani wuri.

Asabar ta zo. Cunkoson bayan tasha yana nan yadda ya bar shi, rana kuma ba ta rage komai ba. Malam ya riƙa satar kallon allurar, ita kuwa ta kafe a tsakiya abinta. Ya hau hawan lafiya lau. Bai taɓa jin haushin aiki mai kyau irin na ranar ba.

Ya ga Yaya zaune a ƙofar gida. Sai kawai ya ratse, ya kashe mota, ya fito ya ɗaga bonet yana girgiza kai kamar gaske.

Yaya ya taso a hankali, saboda ciwon gwiwa. Yana isowa ya tsaya, ya karkata kunne. Injin a kashe yake, ga makulli a hannun Malam, amma wani siririn ƙugi na fitowa daga ƙasa. Famfon ne yake ci gaba da juya ruwa bayan an kashe mota, abin da surukin ya yi ta faɗa Malam bai saurara ba. Yaya ya leƙa, ya bi sabuwar wayar da yatsa, ya ɗora tafin hannu a kan lagireto.

"Wa ya yi maka wannan?"

"Mijin yarinyar nan."

"Hannunsa na da kyau." Ya ɗago ya dube shi. "Motarka ba ta yi zafi ba, Auta."

Rabon Malam da jin wannan suna tun mahaifiyarsu na da rai. Kunya ta rufe shi, ya rasa inda zai sa idonsa.

"Ba ta yi ba, Yaya," ya ce. "Ni ne na tsaya. Maganar da na faɗa maka..."

Yaya ya sauke bonet ɗin da kansa, ya danna shi har ya kama.

"Tun ranar farko na gane famfo ne," ya ce. "Aikin awa biyu ne a wurina. Kai kana tsammanin mantawa na yi ban gyara ba?"