Sunan da Ke Cikin Fasfon Ummi

Wani mafarki na yi daren jiya, kuma tunda har yanzu bai sake ni ba, bari in faɗe shi ko na ji sauƙi. Amma sai kun fara sanin halin da na kwanta a ciki. Ni Sallau ne, walda nake yi a bakin tasha a Malumfashi. Ƙanwata Ummi ta samu aikin jinya a ƙasar Turawa, yau ɗin nan za su tashi. Na ce "za su" saboda ba ita kaɗai ba ce, an ba mijinta Jazuli bizar iyali, irin wadda ake ba mai bin ma'aikaci. Ni na raini yarinyar nan tun tana shekara shida, bayan rasuwar mahaifinmu. Jazuli kuwa wata bakwai ke nan da aka ɗaura musu aure. Da na tambaya, wai da wasa, ko ana ba yaya irin wannan biza, sai aka kwashe da dariya aka ce miji da 'ya'ya kawai. Ni ma na taya su dariyar, na dawo gida na kwanta da abin a raina.

Sai ga ni a ofishin biza. An gina shi a tsakiyar kasuwar hatsi, ba rufi, domin ruwan sama a can daga ƙasa yake tsattsafowa ya wuce sama. Kowa ya juya lemarsa ya tsaya a cikinta. Ni ne na farko a layi, na duba katin da ke hannuna na ga shekara ashirin da ɗaya ke nan ina tsaye. Ƙafata ba ta gaji ba, kuma ban yi mamaki ba.

Mai gadin ƙofa talo-talo ne, ya ɗaura lakataye a kan jan wuyansa. Na ce masa, "Malam, ai ni ne na gaba."

Ya ce, "Shi ya sa. A nan na ƙarshe ake fara gani. Wanda ya daɗe ya riga ya saba da jira."

Bai rufe baki ba sai ga Jazuli a kan babur, farar shadda, ƙamshin turarensa ya riga shi isowa. Ya sauka, ya durƙusa har ƙasa ya ce, "Yaya, ina kwana? Ya ƙoƙari?" Talo-talo ya buɗe masa ƙofa har da sara masa. Abin da ya fi ci mini rai game da yaron nan shi ne ba shi da laifi. Na nema, wallahi na nema. Ba ya shan taba, ba ya ƙarya, yana gaishe ni sau biyu a rana. Da ma ɗan iska ne da na san inda zan ajiye haushina. Na bi bayansa na kutsa, ba wanda ya hana ni.

A ciki wata zabuwa ce ke zaune bayan tebur da tabarau a kan hanci, gefenta ga ƙaton sikeli irin na masu awon masara. Ba ta ɗago kai ba ta ce, "Me kake a wurin matafiyar?"

"Yayanta ne. Uwa ɗaya uba ɗaya."

Ta lashi farce ta shiga buɗa littafi. "Miji akwai. Mata akwai. Ɗa akwai, 'ya akwai. Kyanwa ma akwai, idan an yi mata allura. Yaya..." Ta kai bangon ƙarshe ta rufe. "Ba mu da shi. Amma hau da shaidarka kan sikeli mu gani."

Na sa hannu a aljihu, sai na ji ranaku a ciki, na shiga fito da su ɗaya bayan ɗaya. Na ɗora ranar da ƙyanda ta kama ta na goya ta a bayana har asibiti. Na ɗora ranar da na koyi kitso a kan igiyar rama, don kada 'yan ajinsu su yi mata dariya. Na ɗora ranar da ta faɗi jarrabawa ta kulle kanta a ɗaki, ni kuma na zauna a bakin ƙofa har la'asar ban ce komai ba. Na ɗora ranar da na kai ta makarantar jinya da akwatin ƙarfen da na haɗa mata da hannuna. Ranaku suka taru har suna zubowa ƙasa. Allurar sikeli ko motsi ba ta yi ba.

Zabuwa ta ɗauki ɗaya ta juya ta gaba da baya. "Suna da kyau. Sai dai ba hatimi a jikinsu."

Jazuli ya matso da ladabinsa ya ɗora takarda guda ɗaya tal. Sikeli ya faɗi ƙasa rim, har ƙura ta tashi. Na leƙa in ga wace irin takarda ce wannan, ashe takardar ɗaurin aurensu ce. A can ƙasa, wurin da aka rubuta waliyyin amarya, wani karkataccen sa hannu ya miƙe tsaye, ya karkaɗe jikinsa, ya dube ni ya ce, "Maigida, sannu da zuwa. Ba ka gane ni ba?"

Na gane shi sarai. Ni na yi shi, da biron liman, ina ta murmushi mutane suna cewa Allah ya sa alheri. Wato da hannuna na yi wa Jazuli biza. Na kai wa sa hannun mari, ya goce ya koma ya kwanta a kan layinsa.

Sai kuma ga mu a gona. Wani kunkuru ne ke gaba da fayil a ɗaure a bayansa, ya ce nan ake shuka saƙonnin waya, a ga ko zumunci na gaskiya ne. Gonar Jazuli ta yi kore shar, ta wuce tsayin mutum, kowane kara ya goya saƙo biyu uku. "Kin ci abinci?" "Na yi kewarki." "Kin isa lafiya?" Tsakanin gidansu da asibitin da take aiki fa tafiyar minti goma ce. Kuma kowane saƙo da sunanta na yanka yake farawa, gatsal, ba ko sakayawa.

Sunan mahaifiyarmu ne. Wurin haihuwar Ummi ta rasu, Baba ya mayar wa jaririyar da sunan, shi ya sa duk gidan muke ce mata Ummi. Ni ko Ummin ma ba kasafai nake faɗa ba, "ke" nake cewa, ta kuma san da ita nake. Shekara ashirin da bakwai sunan nan bai taɓa hawa harshena ba, ga wani ya zo jiya jiya yana shuka shi kadada guda.

Kunkuru ya ce, "Ga taka gonar."

Wani ɗan fili ne kamar tabarmar sallah. Tsiro uku ne a ciki. Na farko ya ce "To." Na biyu ya ce "To madalla." Na uku, wanda ya fi su tsayi, ya ce "Allah ya tsare."

Kunkuru ya daɗe yana kallonsu. "Malam, gaba kuke yi da ita?"

"Wace irin gaba? 'Yata ce fa, kusan."

"To me ya hana ka magana?"

"Mu haka muke."

Ya rubuta "haka suke" a fayil. Ya tambayi hoto, na ce akwai na biki. Aka kawo hoton a kan faranti. Ga Ummi, ga Jazuli ya yi mata rumfa da babbar riga, ga ƙawaye, ga ma mai kiɗa. A can gefe akwai wata gwiwar hannu da rabin kujerar roba. Na ce wannan ni ne, ina jera wa baƙi wurin zama. Kunkuru ya ce gwiwar hannu tana iya nema da kanta, amma sai ta kawo fasfo.

Daga nan ban san yadda aka yi ba na tsinci kaina a wurin awon kaya. Zuciya ta riga ta ɗebe ni. Na ce da ɓeran da ke kula da wurin, "Tunda ba ku da yaya, ku rubuta ni a kaya. Ku sa ni tsakanin kuka da daddawa, ba zan yi motsi ba."

Ya ce ba matsala, in dai ban wuce kilo ashirin da uku ba. Na naɗe kaina na shiga jaka. Ya duba allura ya girgiza kai. "Kai kanka ba ka da nauyi. Wani abu ne a ƙirjinka ya kai kilo sittin. Fito da shi."

Na ce ba komai a ƙirjina. Ya sa hannu ya zaro shi, wani baƙin dunƙule mai zafi, yana huci. Mutane suka taru. Wata tsohuwa ta ce, "Wannan ai kishi ne, kuma ya nuna." Na ce ƙarya ne, ni ba na baƙin ciki da arzikin kowa. Gaskiya ne kuma, ba ƙasar Turawan nake wa ba, me zan ci a can? Abin da ke cina shi ne idan sanyi ya dame ta, Jazuli za ta gaya wa. Idan wani ya yi mata wulaƙanci a wurin aiki, shi zai zauna a bakin ƙofa. Kuma na san shi, ba zai iya yin shiru har la'asar ba, surutu zai cika ta da shi, ita kuma ta ji daɗin hakan. Ɓera ya ce in bar dunƙulen a nan in wuce. Na karɓe abina na mayar, don ban san me zai rage a wurin ba idan na bar shi.

Jirgin saman da za su hau yana ɗaure a turke a bayan kasuwa, yana cin harawa. Jazuli har ya shiga ya samu wurin taga, ya sa wata rigar sanyi mai gashi. Ummi ce tsaye a bakin ƙofa cikin fararen kayan aikinta, ƙafa ɗaya a ciki ɗaya a waje. Zabuwa ta iso da teburinta a ka, ta sauke, ta ɗaga hatimi.

Ummi ta ce, "Ranki ya daɗe, ki dakata. Shi ya raine ni. Ba ni da uwa ba ni da uba sai shi."

Zabuwa ta sauke tabarau ta dube ni, karo na farko. "Saura hanya ɗaya. Ga fasfonta a hannuna. Ka kira ta da sunan da ke ciki, da ƙarfi, ta amsa. In ta amsa, kujerar kusa da ita taka ce."

Na ce, "Ummi."

"Babu Ummi a nan."

Ruwan da ke hawa sama ya tsaya cak a daidai gwiwa. Na buɗe baki. Sunan yana nan, ina jin sa a bayan haƙorana, harafi bakwai kacal. Amma duk lokacin da na turo shi sai in ga mahaifiyarmu zaune a kan kujerar tsakar gida tana tsince shinkafa, ni kuma in tsaya a gabanta in kira ta da sunanta kamar wata sa'ata. Harshena ya ƙi.

Ummi ta ce, "Yaya, ka faɗa mana. Sau ɗaya. Ni ban taɓa jin sa a bakinka ba."

Jazuli ya leƙo ta taga, ya kare baki da hannu, ya raɗa mini sunan a hankali, wai ko mantawa na yi. Taimakona yake yi, bawan Allah. Da na samu sandar walda a lokacin da na liƙe tagar nan da shi a ciki. Ni zai tuna wa? Ina tsaye a zaure aka raɗa mata shi, shi ko rarrafe bai gama ba.

Jirgi ya gama harawarsa ya fara fizgar turke. Na tattara duk ƙarfina, na cika ƙirji da iska, na dubi yarinyar nan ido cikin ido. Abin da ya fito shi ne, "Ke... ki riƙa rufe kanki, an ce akwai sanyi."

Ta yi ɗan murmushi, irin wanda take yi idan ba ta so a ga za ta yi kuka, ta ce, "To, Yaya." Ta janye ɗayar ƙafar ta shige. Zabuwa ta buga hatimi a kan takardata, dum. Ta sake bugawa, dum. Ta ci gaba da bugawa ba ta daina ba.

Na buɗe ido. Gari ya waye tuni, matata Lantana ce a tsakar gida take dakan yajin da za a ba Ummi ta tafi da shi. Na daɗe kwance ina sauraron taɓarya. Ɗakin ba kowa, ƙofa a rufe. Na ce bari in gwada, ko don in san zai fito. Na ja bargo har hanci, na faɗa a hankali.

"Suwaiba."

Taɓarya ta tsaya. Lantana ta ɗaga murya ta ce, "Maigida, da wa kake?"

Na ce, "Ba kowa. Ci gaba da dakanki."