Itacen Kabarin Baba Ɗan'azumi

Kunun ya huce a hannuna, Baba Ɗan'azumi bai ko dube shi ba. Na lura ya karkata kansa wajen taga, kunnensa yana can bayan gari.

"Kin ji su, amaryata?"

Haka yake kirana tun ina rarrafe. Katanga ɗaya ce ta raba gidanmu da nasa a Taba, kuma tun da na gama jami'a na dawo gida, ni nake taya matarsa, Iya Hajo, jinya.

Na ji su. Wasu tsuntsaye ne masu duhun jiki, idan suka buɗe fiffike sai ja ya bayyana kamar garwashi. Duk fadamarmu ta zama gonar rake, sai ɗan kurmin Baba da ya rage a tsakiya kamar tsibiri. Nan kaɗai ake ganinsu yanzu, kuma bana sun yi sheƙa a kan babban ɓauren da ke bakin kurmin.

"Idan na tafi, yaran nan can za su nufa neman itacen kabari, don ya fi kusa," in ji shi. "Gatari kuwa idan ya san hanya, ba ya mantawa. Ki gaya musu ban yarda ba."

"Ni, Baba? Ka gaya wa ɗanka Yaya Lawal mana."

"Lawal rake yake gani a wurin. Ke dai kin yi boko, bakin ne Allah bai ba ki ba."

Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi.

Washegari da hantsi ya cika. Ana cikin salati a tsakar gida na hango Lawal, babban ɗansa, ya fito daga ɗaki da gatari, idanunsa jajur. Maza sun cika zaure. Ban taɓa ɗaga murya a gabansu ba. Ƙafafuna ne suka kai ni bakin ƙofa kafin in yi shawara.

"Yaya Lawal, Baba ya bar wasiyya. Ya ce kada a sari itace a kurmi."

"Wa ya gaya wa?"

"Ni."

"To, Rumaisa, da me za a rufe shi? Da digirinki? An gama haƙa, mutane suna jira. Don tsuntsu za a bar ubana a kwance?"

Wani dattijo ya ce wasiyya ba abin wasa ba ce, wani ya ce ai rana tana yi. 

A bayana na ji ruwa yana kwarara. Iya Hajo ce ta karkata randarta, wadda ta zo da ita gidan tun tana amarya, ta zubar da ruwan kaf. Ta mirgino ta har gaban ɗanta, ta koma ta ɗauko manyan tukwane biyu.

"Da tukwane aka rufe kakanka," in ji ta. "A tsaga kowace gida biyu, a rufe kabarin da su. Idan ba su isa ba, a shiga maƙwabta."

 Lawal ya jingina gatarin da bango, ya sunkuya ya ɗora randar a kafaɗa. Ɗan ruwan da ya maƙale a cikinta yana ɗiga a bayan rigarsa, ya ratsa ta cikin mutane ya fita.