Ranar da Yaya ya matse min zane

Shekara biyu ke nan ina zana labari ina sawa a intanet duk Laraba. Labarin wata direbar motar haya ce da fasinjojinta, shafi ɗaya dogo da ake ja da yatsa a waya. Ni ke zane, ni ke zuba launi, ni ke rubuta maganar bakin kowa. Shafin intanet ɗin kuwa yayana ke riƙe da shi, don gyaran kwamfuta ne aikinsa, kuma shi ya buɗe min tun farko.

Masu karatu sun daɗe suna ƙorafin nauyin hotunan. Wani ya rubuta cewa sai ya danna ya shiga wanka ya fito bai gama buɗewa ba. Gaskiyarsu ce, shafi ɗaya yakan kai megabait goma sha biyu. Na ce wa Yaya mu zauna tare mu duba. Ya ce, "Bar min, Auta, wannan ba aikin mai zane ba ne."

Ran Alhamis da safe Mama ta kira ni daga falo, ta kai waya dab da hanci.

"Auta, zo ki duba min. Idona ne ya ƙara mutuwa, ko direbar taki ce ta kamu da ƙyanda?"

Na karɓa na duba. Fuskar direbar ta rabu gida-gida. Gefen kowane layi ya cika da ɗigon datti, rubutun ya jagwalgwale kamar takardar da aka wanke a aljihu. Launin fatarta, wanda nake haɗawa da ruwan ƙasa iri uku, ya koma taɓo ɗaya. Na ja baya, na sake ja. Shafi ɗari da huɗu, ba wanda ya tsira.

Ban san lokacin da na isa shagon Yaya ba. Yana zaune tsakanin matattun kwamfutoci, fanka na kaɗa ƙaurin dalma, wata mata na jiran a sa mata sabon batir.

"Yaya, me ka yi wa zanena?"

Ya ɗago yana murmushi. "Kin gani ko? Daga megabait goma sha biyu zuwa kilobait casa'in! Yanzu kafin ki ƙifta ido ya buɗe."

"Ya buɗe a ga me? Ka karanta ko layi ɗaya?"

"Ke fa kin cika tsanani. Wa zai tsaya ƙirga gashin ido a waya?"

"Mama ma ta gani! Mama, da tabarau biyu!"

Matar ta kawar da kai tana danne dariya. Yaya ya tsuke fuska, ya ce in rage murya, nan wurin sana'a ne. Na ce tawa da ya tattake ba sana'a ba ce? Sai na tambaye shi inda ya ajiye na asalin, in mayar da kaina.

Ya sosa ƙeya. "Ai su ne."

"Su ne me?"

"Manhajar a kansu take rubutawa. Ban lura ba sai da ta gama."

A ma'ajiyar intanet da muke amfani da ita tare ya yi aikin, wadda ke haɗe da kwamfutata. Wato har na gida sun tafi. Ban taɓa ɗaga wa Yaya murya ba tun ina yarinya, amma ranar har masu shagunan layin sai da suka leƙo. Na ce masa da kwamfutar baƙo ce, sai ya kwashe komai ya adana kafin ya kwance ko ƙusa ɗaya, amma da yake aikin ƙanwarsa ne, wasan yara ne. Abin da ya iya cewa kawai shi ne, "Taimakonki fa na yi."

Na fito daga shagon. Dattijon da ke da shagon hoto a maƙwabta ya yafito ni, ya tura min kujera da ƙafa.

"Zauna, 'yata. Duk na ji, bangon nan ba ya riƙe sirri. Ba ki da ko ɗaya da ya rage?"

Sai na tuna wani tsohon filas da ke jakata. Muka soka a kwamfutarsa. Shafi casa'in da uku na ciki. Goma sha ɗaya na ƙarshe babu.

Mai Hoto ya buɗe ɗaya ya ja tsaki. "Faɗin nan ɗigo dubu huɗu ne. Allon talla za ki buga? Dubu ɗaya ya ishi waya." Ya rage faɗin, nauyin ya zube, layukan na nan garau. Sannan ya ce irin fayil ɗin da Yaya ya zaɓa, JPG, don hoton kyamara aka yi shi, in an matse shi da yawa layi da rubutu yake fara ci. Ya tambaye ni launi nawa nake sawa a shafi. Na ce bai fi arba'in ba.

"To me ya haɗa ki da miliyoyin launi?"

Ya adana shi a PNG mai launi sittin da huɗu, ya yanka dogon shafin gida huɗu don na sama ya bayyana kafin na ƙasa ya iso. Gaba ɗaya bai kai kilobait ɗari biyar ba. Na sa hanci a allon ina neman aibu, ban samu ba.

Maimakon in huce, sai zuciyata ta ƙara tafasa. Aikin minti goma! A shagon da ke jikin nasa! Na koma na ajiye wa Yaya wayata kusa da tasa, shafi ɗaya a buɗe a kowacce. Ya duba nan, ya duba can, ya ce, "To, ai kusan ɗaya ne." A gabansa na canza kalmar sirrin shafin.

Mama ta yi ta bina kwana da kwanaki. "Yayanki ne fa." Na ce na sani, Mama, shi ya sa ban kai shi ƙara ba. Kwana uku na yi ina gyara casa'in da ukun ɗaya bayan ɗaya. Sauran goma sha ɗayan sai da na sake zana su daga farko, sati biyar, ina kallon lalatattun ina kwafa. Akwai shafin da direbar ke kuka a gareji, sau huɗu ina sake shi, bai taɓa dawowa yadda yake ba.

Har yau Yaya bai ce in yi haƙuri ba. Ya dai aiko Mama da sabuwar ma'ajiyar fayil ta sokawa a kwamfuta, a leda, ba ko takarda. Na karɓa, ina amfani da ita. Kalmar sirrin kuwa ban ba shi ba. Na ɗan fara saukowa, sai shekaranjiya Mai Hoto ya tare ni a bakin titi yana dariya har da riƙe ciki. Wai ya ji Yaya na nuna wa wani kwastoma shafina, yana cewa shi ya koya min rage nauyin hoto.