Tumbin Nomau da Rumbun Kumandan

Da Nasara suka kawo rumbun tsimi ƙauyukan Damagaram, dole kowane magidanci ya zuba gero bayan girbi, a liƙe bakin rumbun da laka, ba mai fasa shi sai kumandan, Baturen da ke mulki a Zinder, ya ga yunwa da idonsa. A wani ƙauye gefen Droum, ba wanda ya tsani abin kamar Nomau.

"Gerona ne, ni na noma," yake cewa kullum a gindin gawo. "Yaushe yunwata ta koma sai da shaidar wani?"

Taubashinsa Alkasum ya ce, "Da a hannunka yake, da tuni ka sayar ka ɗinka riga. Wannan kamar zakka ne, mai shi ya tallafi marar shi."

"Zakka da lada take zuwa. Wannan da gardi ya zo, dogarin Nasara, da bulala."

Ana haka fara ta sauka ta share gonaki. Kafin damina ta zagayo an koma cin dusa da tafasa. Mai gari ya aika Zinder, aka ce kumandan yana tafe ya duba.

Nan fa aka tuna da tumbin Nomau. Yunwa ta zabge kowa, shi ma ya manta rabonsa da tuwo, amma tumbin yana nan kamar randa, bai san an yi ba.

Alkasum ya nuna shi da haɓa. "In Nasara ya ga wannan, cewa zai yi mu ƙara zubawa."

Ranar zuwan kumandan suka taru suka cusa Nomau cikin rumbun gidansa, wanda ba ko ƙwaya, suka mayar da jinka. Ya zauna yana gumi yana saƙe-saƙe. Yunwar da yake ji ta gaske ce, amma sai an ɓoye shi za a yarda da ita. To wa ke ƙarya, shi ko tumbin?

Kumandan ya dubi haƙarƙarin yara, ya kaɗa kai. Sai ya sa tafinta ya ce yana so ya ga rumbunan gidaje ma. Gardi ya hau na kusa, ya ɗaga jinka, ya daɗe yana leƙe.

"Mon kumandan, babu gero," ya ce. "Amma ga wanda ya cinye shi."

Aka zaro Nomau da ƙyar. Matarsa Barira ce ta taso daga bayan mata.

"Kumburi ne. Yunwa ce ta hura shi haka. Kunya ta sa muka ɓoye shi."

Tafinta ya juyo. "Kumandan yana tambaya, kumburi ne ko ƙiba?"

Nomau mutum ne mai alfahari da cewa bakinsa bai saba da ƙarya ba. Ya ce, "Gaya masa yunwa nake ji."

"Ba ita aka tambaye ka ba."

Nomau ya dubi Alkasum, ya dubi yaran da ke tsugune suna kallon rumbun tsimi. Ya sunkuyar da kai.

"Kumburi ne."

Kumandan ya ce a fasa rumbun tsimin. Ya kuma ce a kai mai kumburin wurin likita a Zinder, a duba shi kyauta, a riƙa ba shi kunu tsararo har jikin ya sauka.

Ana ɗora shi a jaki, turame suka fara amsawa ko'ina, ƙanshin sabon surfe yana binsa. Alkasum ya riƙe masa igiya har bakin gari.

"Ka ga amfanin hukuma, taubashi. Ga gero, ga magani kyauta."

"Geron nawa ne," Nomau ya ce. "A ajiye mini rabona."

Barira ta tambayi tafinta yaushe za a sako mata miji.

"In kumburin ya sace."

Ta dubi tumbin, wanda ta san shi tun ranar da aka kawo ta gidan. Ta koma ciki ta ɗauro masa bargonsa na ɗari.