Sikelin Clara

Kuskuren Davou ɗaya ne: ya tashi a coci ranar Lahadi ya ba da shaida. Ya gode wa Allah cewa bayan wata goma sha ɗaya a zaune, tun da council, wato hukumar gari, ta rufe cibiyar matasan da yake tuƙa wa mota, ya sami gwajin aiki. Ranar Asabar zai ja tirelar kwana, irin ɗakin nan mai taya da Turawa ke tafiya hutu da shi, daga unguwarsu ta Moss Side a Manchester zuwa Birmingham. Jama'a suka ce amin. Matarsa Clara kuwa ta dafe kai, don ta ga yadda idanun matan zumunta na cocin suka yi haske. Ba amin suke yi ba, lissafin 'yan'uwansu na unguwar Handsworth a can Birmingham suke yi.

Mutanenmu ba sa ganin mota ta tafi wani gari haka siddan. Sai an ba da saƙo. Kuma Davou, bawan Allah, tun da Clara ta san shi bai taɓa iya cewa a'a ba.

Jumare, mai motocin, ya san halinmu sarai. Da yake ba shi makullin a-kori-kurar sai da ya ja masa kunne. "Ban hana saƙo ba. Amma abin da za ka ƙara a caravan ɗin nan kada ya wuce kilo ɗari da hamsin. Mai nauyi a ƙasa, daidai saman tayoyi. Idan ka jibge shi a baya, za ta yi ta wutsiya da kai a babbar hanya, motorway. Da ka iso wurinmu na Aston a Birmingham zan ɗora ku a babban sikeli. Idan ya wuce, ka ajiye min makullina."

Asabar da hantsi Davou yana durƙushe yana duba ƙugiyar da ke haɗa tirelar da mota da wayar birki, ya ɗaura dogayen madubai, ya gwada fitilu sau uku. Kafin ya ɗago, gefen titi ya zama kasuwa. Buhun shinkafa biyu, doya, jarkar manja, keken ɗinki, ƙaramin firiza, da wani akwati da mai shi ta rantse ba komai a ciki sai 'yan zannuwa, alhali mutum biyu ne suka sauke shi suna nishi. Margaret ma, ɗaya daga matan zumuntar, da jakarta ta zo, wai a ciki za ta zauna tunda akwai gado.

"Ba a zama a ciki, Anti," in ji Davou. "It's illegal."

"To kayan fa?"

"Kayan... bari mu gani." Ya fara sosa ƙeya, Clara ta san an gama da shi.

Ta hau sama ta ɗauko sikelin banɗaki, wanda dama da shi Davou zai auna nauyin da hancin tirelar ke ɗora wa ƙugiya. Ta dire shi a ƙofar tirelar, ta gyara ɗankwali.

"Iyayena, ku yi haƙuri, dokar kiyaye haɗari ce, health and safety. Sikelin ƙarami ne, kaya ba sa zama a kai. Kowa za ta rungumi saƙonta ta hau, in faɗi lamba. Sai ta ajiye ta hau ita kaɗai, in sake faɗa. Davou zai cire wannan daga wancan."

"Ki faɗa? Da ƙarfi?" in ji Margaret.

"Ai yana can wajen ƙugiya, Anti. Sai na ɗaga murya."

Matan suka kalli juna. Waɗannan mata ne da ko wajen likitansu GP sai sun cire takalmi da ɗankunne kafin su hau masa sikeli, su sauko suna cewa na'urarsa ta lalace. Nan take Margaret ta tuna ɗanta zai je Birmingham wata mai zuwa. Mai firiza ta ce dama ba gaggawa. Clara ta ciji leɓe don kada dariya ta kufce mata. Daɗi ya cika ta, irin na wanda dabararsa ta ci.

Ta manta da Mama Scholastica, shugabar zumunta, wadda ta kawo turmi da taɓarya na 'yarta da ta haihu a Handsworth. Mama ta rungumi turmin kamar jariri ta hau. Ta sauke, ta sake hawa, ba ta ma jira Clara ba ta leƙa da kanta.

"Ɗari da huɗu! Ku ji da kyau. 'Ya'ya shida na haifa, kuma ba wanda ya ciyar da ni a cikinku."

Aka fashe da dariya, kunya ta watse. Margaret ta dawo da jakarta, mai firiza ta shiga layi. Clara tana ji tana gani dabararta ta juye mata, tana kiran lambobi mata suna guɗa, wadda ta fi nauyi ita ake tafa wa. Kafin a kai rabin layi an wuce kilo ɗari biyu. Davou ya tsaya da biro a hannu yana murmushin dole, aikin da ya jira wata goma sha ɗaya yana zamewa a gabansa.

"Tsaya," in ji Mama. "Mu kaɗai za a tona wa asiri? Direba ba kaya ba ne? Davou, hau."

"Mama, ni ai a mota nake, ba a..."

"Hau, ɗana."

Suka tura shi suna dariya. Ya hau da takalminsa da rigunan sanyi biyu. Clara ta sunkuya, ta riga ta shirya tsokanar da za ta yi masa.

Sittin da ɗaya.

Ta san lambarsa. Saba'in da huɗu ce, tana tsaye a gefensa aka auna shi bara. Ta ɗago ta dube shi, dubawar da ta daɗe ba ta yi ba tsakanin dogayen ranakun aikinta a gidan kula da tsofaffi: wuyan riga ya yi masa yawa, bel ɗinsa da sabon rami da aka huda da ƙusa. Kullum ta dawo sai ya ce ya ci, ita da 'yarsu Catherine su ci nasu. Ita kuma gajiya ta sa take yarda. Kunya da tausayi suka kama ta.

"Nawa ne?" wata ta tambaya daga baya.

Clara ta tsura wa lambar ido. Mama Scholastica ta leƙa, ta gani, ta dubi Davou daga sama har ƙasa. Ba ta faɗi lambar ba. Ta juya ga matan.

"Kowa ta ɗauki kayanta. Yaron nan aiki zai je, ba aikenmu ba."

Ba wadda ta yi musu. Mama ta sa hannu za ta ɗauki turminta, Davou ya riƙe. "Wannan zai tafi, Mama. Da shinkafa ɗaya, da doyar." Sannan ya dubi mai firiza. "Anti, naki ba zai shiga ba." Clara ba ta taɓa jin irin wannan magana daga bakinsa ba.

Ya jera su a ƙasa saman tayoyi, ya ɗaure tam, ya auna hancin tirelar. Clara ta kira wajen aiki ta nemi wata ta canje ta, ta shige gaban mota da kular abinci da Margaret ta ruga gida ta ɗauko. Suka bi babbar hanyar M6 a layin hagu, gudunsa bai wuce mil sittin ba, manyan motoci na wuce su tirelar ko gezau. A wurin hutawa na farko ta sa ya tsaya, ta zauna tana kallonsa har ya cinye.

A Aston, Jumare ya ɗora su a babban sikeli, ya duba, ya sake dubawa.

"Ikon Allah. Mutumin Jos ya taso daga Manchester da sauran wuri a mota? Litinin ka zo da wuri ka fara aiki. Amma da ka ƙara musu ko buhu ɗaya, ai akwai sarari."

"A bar shi, Malam," in ji Clara. "Wurin direban ne. Ni zan cike shi."